Bargon Baba Mai Koren Zare

Ni dai tsafta ce ta ja mini. Wata bakwai da shigata gidan, Inna, uwar mijina, ta tafi duba ƙanwarta da ba ta jin daɗi, za ta yi kwana uku. Sai na ce bari in yi abin a yaba kafin ta dawo. Na shiga ɗakinta da tsintsiya da bokiti, na share ƙarƙashin gado, na goge taga, na kakkaɓe labule. Da na ɗaga matashin kai sai ga wani bargo mai ruwan toka a ninke, ya yi dauɗa, yana tashin warin man zafi da tsohon gumi. A gefensa akwai tambarin kamfanin jirgin saman da Inna take yi wa aiki.

Shekara ashirin da huɗu Inna ta yi tana wanke wa kamfanin nan barguna. Duk bargon da fasinja ya lulluɓa da shi a sama, sai ya bi ta hannunta kafin ya sake hawa jirgi, har a wurin aiki Uwar Barguna suke ce mata. To, matar da ke wanke dubu biyu a rana ce take kwana da wannan a ƙarƙashin kanta? Na ce a raina gajiya ce ta sa ta zo da shi gida ta manta. Na cusa shi a leda na miƙa wa maigidana lokacin da zai fita.

Shi ma a filin jirgin yake aiki. Shi ke tuƙa doguwar motar da ke kwasar fasinjoji daga ƙofar fita zuwa gindin jirgi, kuma gidan wankin a kan hanyarsa yake.

"Ka ajiye musu wannan, nasu ne," na ce.

Bai buɗe ledar ba. Mutum ne da ko kunama ka ƙunsa masa zai kai ta inda ka ce, ya dawo ya tambaye ka ko akwai sauran aike. Ya juye ledar cikin kwandon masu datti ya kama gabansa.

Inna ta dawo ran na huɗu. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana sa mini albarka, ni kuma ina bayanta ina sunne kai kamar ban so yabon ba. Ta zauna a bakin gado, ta zura hannu ƙarƙashin matashi. Na ga hannun ya tsaya. Ta ɗaga matashin gaba ɗaya, ta duba, ta mayar da shi a hankali.

"'Yata, ba ki ga wani bargo a nan ba?"

Na ba ta labari da fara'ata, har da cewa na hutar da ita. Maigidan yana tsaye da kofin ruwa a hannu. Ina cewa "mai ruwan toka" ya ajiye kofin ya dafe kai.

A bakinsa na ji sauran bayanin, a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa. Shekarun baya kamfanin ya raba wa ma'aikata wasu barguna da suka fara tsufa, Inna ta samu ɗaya. Da Baba, mahaifinsu, ya kwanta ciwon ajali, da shi ya lulluɓa har wata biyar. Wata rana kusurwarsa ta maƙale a ƙarfen gado ta yage, Baba ya ƙi bari kowa ya taɓa, ya ɗinke da kansa da koren zare. Shekara biyu da rasuwarsa na shigo gidan, ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Tun ranar da aka fita da shi ruwa bai taɓa bargon nan ba.

Na koma ɗakin na durƙusa. Da ta zage ni da na samu sauƙi, wallahi da na samu sauƙi. Sai ta ce, "Ba komai, Malama. Ai ba ki sani ba."

Koyarwa nake yi a makarantar firamare, amma a gidan nan ba mai ce mini Malama sai mai kawo takardar wuta. Daga ranar kuwa Malama na zama. Malama an gode da ruwa, Malama a sauka lafiya. Ladabin nan ya fi mari zafi.

Washegari Inna ta je aiki ta birkice gidan wanki. Aikin gama ya riga ya gama: an wanke shi tun ranar, an busar, an ninke, an rufe a leda tare da 'yan uwansa, an loda a jirgi. Wane jirgi? Ba wanda ya sani, don bargo ba shi da fasfo. Da ta dawo ta zauna a falo ta ce wa ɗanta, ba ni ba, "Warinsa kam ya tafi, na sani. Ni na san sabulun da muke sawa. Amma ɗinkin, hannunsa ne."

Na ce ai abin da sauƙi, tunda jirgi daga nan yake tashi kuma nan yake dawowa, gobe ko jibi bargon zai dawo cikin masu datti. Maigidan ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗan aji biyu in ya ce rana tana kwana a bayan makaranta. Kashegari ya zo da mujallar da ake sakawa a aljihun kujerar jirgi, ya ɓalle shafin tsakiya ya manna a bangon falo. Taswirar duniya ce, da jajayen layuka sun fita daga garinmu zuwa birane arba'in da ɗaya, kamar saƙar gizo-gizo a kusurwar ɗakin da ban share ba.

"Duba nan," ya ce, yana bin layi da makullin mota. "Jirgin da ya dawo daga nan da safe, da yamma can zai nufa. In fasinja bai buɗe ledar ba, bargon ba zai sauka ba, sai ya yi ta yawo a cikin jirgi. Waɗannan biranen masu nisa kuma, can ake sauke masu datti a wanke, a ɗora wa jirgin da ya zo bayan kwana uku. Wannan layin kuwa garuruwa biyu yake taɓawa kafin ya waiwayo gida. Ban da fasinjan da zai ga bargon ya yi masa, ya cusa a jaka."

"To yaushe zai dawo?"

"Yana iya dawowa gobe. Yana iya shekara."

Sunayen biranen suna nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, amma Inna ba ta kula su ba, don tana da nata. Shekara ashirin da huɗu tana sanin duniya ta hanci. Akwai Garin Turare, wanda bargunansa ke sa 'yan wanki atishawa. Akwai Garin Sanyi, wanda ba a taɓa dawo da ko ɗaya a rufe ba, duk an buɗe an cukuikuye. Akwai Garin Jarirai, Allah ya kiyaye hancin bawa. Akwai Garin Dogon Hannu, wanda in an tura ɗari uku sai ɗari biyu da tamanin su dawo. Ta sa ɗanta ya nuna mata kowanne a taswirar, ta yi ta mamaki da ta ga Garin Sanyi da Garin Jarirai ashe ba maƙwabta ba ne, teku guda ce a tsakaninsu. Ni na ɗauko jan biro na rubuta sunayenta a gefen nasu. Ta ce, "An gode, Malama."

Yayar maigidan ce ta fara tsokanar. Ta zo wuni ta tarar da mu a gaban bango, ta ce, "To, yau Baba yana ina?"

Na zaci za a yi kuka. Sai Inna ta tuntsire da dariya har tana share ido. Ashe Baba mai gyaran agogo ne, kuma tsakanin shagonsa da gida nan ne iyakar duniyarsa. Ko motar haya ya shiga sai jiri ya kwashe shi. An taɓa gayyatarsa wani ɗaurin aure a garin da bai fi tafiyar awa biyu ba, ya kwana uku yana sallama da mutane, daga ƙarshe ya aika da uzuri.

"Mutumin da ko tasha ba ya raka baƙo," in ji Yaya, "yau ga shi yana tsallaka teku ba ko tikiti."

Daga nan abin ya zama na kullum. Maigidan ya dawo ya ce ƙila Baba yana Garin Turare, Inna ta ce to Allah ya sa kada ya dawo yana yi mata yanga. Ana dariya, ni ma ina taya su, amma dariyar ba da ni ake yi ba. In na sa baki sai Inna ta yi murmushin baƙunta, hirar ta mutu.

Ban zauna ba. Ina tashi daga makaranta sai in hau mota zuwa ƙofar da ma'aikatan jirgi ke fitowa, da 'yan takardu da na rubuta da hannuna: bargo mai ruwan toka, da ɗinkin koren zare a kusurwa. A can na haɗu da Doguwa, shugabar masu hidima a cikin jirgi, mace mai tsawo da takalmi mai tsini, wadda ta san Inna tun tana sabuwar ɗauka. Ta karanta takardar, ta dube ni daga sama.

"Ke ce surukar?"

Ashe labarina ya riga ni zuwa. Na ce ni ce.

"Allah sarki. Kawo su duka."

Doguwa ba ta yi wasa ba. Cikin mako biyu maganar ta bi jajayen layukan nan kaf. Masu sharar jirgi a biranen da ban iya faɗin sunansu ba, da 'yan wankin can, da masu loda kaya, kowa ya ji cewa akwai wata tsohuwa da ke neman bargon mijinta. Labarai suka fara zuwa. An gan shi a cinyar wani dattijo a hanyar Garin Sanyi, da aka duba sai aka ga zaren rigarsa ne ya maƙale. An gan shi a Garin Jarirai, ashe koren ba na zare ba ne, kada ku tambaye ni na mene ne.

Ita kuwa Inna, duk bargon da ya zo gabanta sai ta bi kusurwoyinsa huɗu da yatsa kafin ta jefa a inji. Dubu biyu sau huɗu, kowace rana. Shugaban gidan wankin, wani ɗan gajere mai yawan duba agogo, ya ga aiki yana tsayawa, ya je zai yi magana, ya dubi fuskarta, ya koma ofis ya ƙara mata mutum ɗaya a layi. Yatsunta suka tsattsage. Na sayo mata man shafawa, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ajiye shi a kan taga ba ta buɗe ba.

Wata uku muna haka, sai maigidan ya dawo da fuska a murtuke. Kamfanin zai canza barguna zuwa shuɗaye a ƙarshen wata. Masu ruwan toka kuwa, duk garin da ƙarshen watan ya riske su, can za a sauke su a rabar. Ba za a dawo da su gida ba.

Inna ta ji, ta ce, "To." Ranar ba wanda ya tambayi inda Baba yake. Ta rage cin abinci, ta daina tsayawa a gaban taswirar, in za ta wuce sai ta kau da kai. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Saura kwana shida wata ya ƙare na yanke shawarar da malamar makaranta bai kamata ta yanke ba. Na sa maigidan ya samo mini bargo mai ruwan toka wanda ya ɗan ji jiki. Na tambaye shi yadda ɗinkin yake.

"Kore ne dai," ya ce. "A kusurwa."

Shekara biyu yana ganin abu, iyakar abin da ya riƙe ke nan. Na yaga kusurwar da ƙusa, na sayo koren zare, na kulle ɗaki na ɗinke. Na wanke shi sau biyu don zaren ya kwanta. Muka shirya ranar Asabar zai shigo da shi da gudu ya ce wani mai shara ne ya tsinto a jirgin da ya sauka da rana.

Ya shigo da gudun kuwa, har ya wuce yadda muka shirya, ya yi tuntuɓe da tabarmar ƙofa. "Inna! Inna, an gan shi!" Inna ta karɓa, ta juya kusurwar, ta zuba mata ido. Tana cikin dubawa sai muka ji sallama.

Doguwa ce, da kayan aikinta, ko gida ba ta je ba. Tana rungume da leda biyu, kuma karon farko da na ga tana tafiya kamar mai jin kunya.

"Inna, ban san yadda zan yi bayani ba," ta ce. "'Yan wankin Garin Turare sun ba ni wannan, sun rantse shi ne. Abokiyar aikina kuma ta sauka daga Garin Sanyi da wannan, su ma sun ce shi ne."

Sai idonta ya faɗa kan wanda ke cinyar Inna. Maigidan ya fara nazarin silin. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba.

Ba mu gama zama ba aka sake sallama. Shugaban gidan wanki ne, da ƙunshi a hammata, yana washe baki. "Uwar Barguna, albishirinki! A ƙasan kwandon ƙarshe na…" Ya ga barguna uku a gaban Inna, ya haɗiye sauran maganar, ya duba agogo.

Inna ta sa aka ture teburin falo. Ta shimfiɗa su huɗu a jere, kusurwa kusa da kusurwa, ta sa tabarau. Ta ɗauki na Garin Turare.

"Wannan da keke aka yi shi. Baban yara bai taɓa zama a gaban keken ɗinki ba, tsoronsa yake ji." Ta ɗauki na Garin Sanyi. "Wannan kuwa har ganye aka zana masa. Kai, mai hannun nan ta iya, Allah ya yi mata albarka." Ta ɗauki na Shugaba, ta juya, ta sake juyawa. "Ranka ya daɗe, wannan ai ba a ma yaga shi ba, ɗinki kawai aka ɗora a kan lafiyayyen bargo."

"Uwargida ce ta yi," in ji Shugaba da ƙaramar murya. "Na ce mata ta yaga, ta ce ita ba ta ɓarna."

Doguwa ce ta fara fashewa, sai kowa ya biyo, har Inna tana riƙe ciki. Ta ce mutanen da ba su taɓa ganinta ba, a garuruwan da ba za ta taɓa takawa ba, sun zauna sun zare allura don su yi mata ƙarya. Ta yi musu addu'a gari-gari, ta ce a kai musu gaisuwa, kuma ba za ta mayar da ko ɗaya ba. Nawa ne kaɗai ba ta ce komai a kansa ba. Ta ninke shi ta ajiye a gefenta.

Da baƙi suka tafi, maigidan ya tuna wai yana da wani uzuri a waje, ya sulale ya bar ni. Ina kwashe kofuna Inna ta ce, "Ajiye su. Ɗauko mini gwangwanin allura da reza, da ragowar zaren da kika saya."

Ban ko yi yunƙurin musu ba. Na kawo, na durƙusa nesa da ita. Ta dafa kujerar da ke gefenta, na matso na zauna. Ta buɗe kusurwar bargona a kan gwiwarta.

"Dubi nan. Kamar an auna da ma'auni. Ke komai naki sai ya miƙe." Ta sa reza ta farke ɗinkin tas, ta tsince zaren, ta zura sabo a allura ba ta ko lalube ba, ta miƙo mini. "Ba haka ya yi ba. Fara daga nan. A'a, nesa da bakin yagar, idonsa ba ya gani sosai lokacin."

Na soka allurar inda ta nuna.

"Ƙara faɗi. Karkata shi. Haba, karkata shi sosai mana, hannunsa rawa yake yi."

Ban taɓa sanin ɗinkin banza yana da wuya haka ba. Hannuna yana son gyarawa, tana buge shi. Ta nuna inda ya tsallake, ta ce a nan tari ya sarƙe shi. Ta nuna inda ya koma baya ya maimaita wuri ɗaya sau uku, don tana yi masa dariya ya ce sai ya nuna mata mai gyaran agogo ba ya kasa bargo. A nan kuma ya soki yatsa, ya dubi allurar ya ce mata, "Ke ma?" Ta yi ta ba ni shi ɗinki bayan ɗinki: yadda yake cire tabarau in zai yi faɗa don kada ya ga fuskar wanda yake yi wa, yadda agogon gidan ne kaɗai bai taɓa gyarawa ba. A wata goma da na yi a gidan ban taɓa jin ta yi maganarsa haka ba. Ina dariya, hawaye na ɗiga a kan bargon, ban san lokacin da suka fara ba.

Na kai ƙarshen yagar. Abin ya yi muni ƙwarai, kamar tafiyar tsutsa. Na naɗe zaren a yatsa zan ƙulle, sai ta riƙe mini hannu.

"Kada ki ƙulle. Bai ƙulle ba." Muryarta ta sauka. "Ya ce ya gaji, gobe zai ƙarasa. Na zare allurar na bar masa zaren."

Na yanke shi da tsawo, na bar shi yana reto. Inna ta kama bakin zaren ta naɗa a yatsanta da ya tsage, ta kwantar da kanta a kafaɗata, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ta ɗaga matashi.